Shafin da Younoussa Ya Gina wa Haj Barka

Younoussa ɗan Tanout ne, amma a Damagaram ya koyi sana'a. Mahaifinsa ya sa shi lakwal, wato makarantar boko, ya yi nisa kaɗan a kolej kafin hali ya sa ya bari. Ya fito da Faransanci mai kyau da rubutun hannu wanda malamai suka daɗe suna misali da shi, kuma rubutun ne ya ciyar da shi. Ya shiga hannun wani mai rubuta allunan shaguna kusa da tasha, ya iya haɗa fenti, ya iya zana harafi mai inuwa a jikin kamyo, babbar motar kaya, har direba ya tsaya yana murmushi. Mutum ne mai shiru, mai son a yaba aikinsa, ko da yake ba ya nuna haka a fuska.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in, lokacin da ake ta cewa Libiya ta buɗe ƙofa ga 'yan Afirka, samarin unguwarsu suka yi ta tafiya arewa. Wanda ya dawo sai ya dawo da rediyo da bargo da labari mai daɗi. Younoussa ya bar matarsa Saratou da 'yarsu Koubra a wurin mahaifiyarsa, ya bi ta Agadas da Dirku, ya sauka Sabha da jaka ɗaya da burushinsa guda uku a naɗe cikin tsumma.

A unguwar Jadid ya fara, inda 'yan aikin yini ke tsayawa bakin hanya da safe, kowa da alamar sana'arsa a gabansa: mai gini da cokalin gini, mai haƙa da diga, shi kuma da gwangwanin fenti. Nan Haj Barka ya ɗauke shi ya yi masa fentin katangar gida.

Haj Barka ɗan ƙasa ne, dattijo mai furfura a gemu, ya yi shekaru masu yawa yana tuƙi tsakanin Sabha da Agadas. A hanyar ya tsinci Hausarsa, Hausar kasuwa wadda mace da namiji duk "shi" ne a cikinta, amma ba abin da ba ya iya faɗa da ita. Da aka gama katangar, fenti ya ɗan rage, Younoussa ya zana bishiyar dabino a saman ƙofa ba tare da an sa shi ba. Haj Barka ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye shi inda yake kwana. Da ya ji cewa su goma sha ne a ɗaki ɗaya, sai ya buɗe masa wani ɗaki a bayan garejinsa. Daga ranar, abincin rana daga cikin gida yake fito masa, daga hannun Mariam matar Haj. Akwai lokacin da shurɗa, wato 'yan sanda, suka kwashe mutane a bakin hanya har da Younoussa, Haj Barka ne ya je ya tsaya masa ya ce yaronsa ne.

A lokacin Haj Barka ya riga ya bar doguwar hanyar kudu. Bayansa ya gaji, Mariam kuma ta gaji da zaman jiran labari. Ya sayi kat-kat biyu, motocin shiga rairayi, yana tuƙa ɗaya, wani ɗan Nijar mai suna Illia yana tuƙa ɗayar, suna kai Turawa 'yan yawon buɗe ido tafkunan da ke tsakiyar rairayi da duwatsu masu zanen mutanen da. Sai dai baƙin ba nasa ba ne. Wani kamfani ne a Tarabulus yake karɓarsu, ya kira shi idan motocinsa sun kasa, ya ba shi abin da ya ga dama. Haj Barka ya san kowane tudu da kowace rijiya, amma ba Baturen da ya san sunansa kafin ya hau motarsa.

A Jadid ɗin akwai wani Mahmoud da ya buɗe siba, shagon da mutane ke biyan kuɗi su hau kwamfuta su shiga intanet. Younoussa ne ya rubuta masa allon ƙofa. Da Mahmoud ya ga yana jin Faransanci da Hausa, ga kuma Larabcin da ya fara kamawa, sai ya riƙe shi, domin rabin masu zuwa baƙi ne da ke son a rubuta musu saƙo zuwa gida ko zuwa wani ɗan'uwa a Turai. Haka ya ajiye gwangwanin fenti ya zauna gaban allon kwamfuta. Idan ba kowa, sai ya yi ta leƙe-leƙe. Wata rana ya gano cewa kowane shafi yana da rubutu a ƙarƙashinsa, wanda shi ne ke faɗa wa kwamfuta inda za ta sa hoto da launi da harafi. Ya riƙa kwafa yana canzawa yana ganin abin da zai faru. Ba wanda ya koya masa. Cikin 'yan watanni ya iya gina shafi da kansa.

Abin da ya fi burge shi shi ne salon da ake kira firam. A wannan salo ana raba fuskar allo gida-gida: sama ga sunan mai shafi, gefe ga jerin wuraren da za a latsa, tsakiya kuma ga abin da ake karantawa. Sama da gefe ba sa motsi, tsakiyar ce kaɗai ke canzawa. Kowane gida fayil ne dabam, sannan akwai wani ƙaramin fayil da ba komai a cikinsa sai umarnin yadda za a jera su. Younoussa ya ga wannan a shafin wani otel, ya ce lalle haka aikin manya yake.

Shi ya kawo wa Haj Barka maganar. Ya ce masa Turawa kafin su taso suna bincike a intanet, idan suka same shi kai tsaye ba sai an bi ta Tarabulus ba. Haj Barka bai gane duka ba, amma ya yarda da yaron. Ya ɗauke shi a tafiya ta gaba, da kyamarar aro, don ya ɗauko hotuna. A wannan tafiya Younoussa ya fara ganin ruwa shuɗi kwance a tsakiyar tuddan rairayi, dabino kewaye da shi, ruwan da gishirinsa ba ya barin mutum ya nutse. Ya shiga da wandonsa yana dariya kamar ƙaramin yaro, Illia na yi masa tsiya daga bakin ruwan. Ya ɗauki Haj Barka hoto yana tsiyaya shayi daga sama a gindin dabino, rawaninsa ya ɗan zame. Daga baya yakan ce bai taɓa jin daɗin kwanaki a ƙasar ba kamar waɗannan.

Ya dawo ya duƙufa. Sunan Haj Barka da hannu ya zana shi a takarda, da Larabci da Faransanci, aka ɗauki hotonsa aka sa a gidan sama, tare da lambar waya da adireshin saƙo. A gefe ya jera tafkuna, duwatsu, motoci, abinci. A tsakiya ya zuba hotuna da bayani cikin Faransancinsa na lakwal. Ranar da ya nuna, Haj Barka ya zo da abokansa direbobi, suka cika shagon, ana latsawa suna salati. Haj ya dafa kafaɗarsa ya ce yanzu duniya ta san shi. A wannan shekarar kamfanin Tarabulus ya nemi ya ba su motocinsa na dukan lokacin sanyi, lokacin da baƙi ke zuwa, ya ce a'a, yana jiran nasa baƙin.

Mahmoud yana da 'yar ƙanwa, Moufida, mai karatun kwamfuta a jami'ar garin. Kakarta ta wajen uba 'yar Agadas ce, don haka tana jin Hausa. Takan zo shagon da hantsi, lokacin da mata ke zuwa. Kawunta ya nuna mata shafin cikin alfahari, a gaban Younoussa da wasu direbobi biyu da suka zo sake kallo. Ta duba, ta ce ya yi kyau. Sannan ta buɗe injin bincike, ta rubuta da Faransanci irin abin da baƙo zai rubuta: tafkunan yankin Fezzan, direba, Sabha. Ba a ga shafin ba. Ta rubuta sunan Haj Barka, nan ma babu. Sai da ta rubuta adireshin kansa ya fito, ba suna, ba bayani, sai layi ɗaya da ke cewa manhajar mai karatu ba ta iya nuna firam.

Ta yi masa bayani a hankali. Ta ce injin bincike ba ya kallon allo kamar mutum, rubutu yake karantawa. Idan ya zo ƙofar shafin, wancan ƙaramin fayil mai jera gidaje kaɗai yake tararwa, kuma ba komai a ciki. Sunan da aka zana da hannu hoto ne, ba ya iya karanta shi. Idan ma ya kutsa ya ga fayilolin tsakiya, zai nuna wa mutane su kaɗai, ba sama ba gefe.

Direbobin ba su gane maganar ba, amma sun ga fuskar Younoussa. Ya ce mata manyan otel ma haka suke yi, kuma sabon shafi sai an yi haƙuri da shi.

"Malam, ban ce bai yi kyau ba," in ji ta. "Na ce ba a ganinsa. Idan kana so, mu zauna in nuna maka, ba aiki mai yawa ba ne."

Ya ce ya gode, zai duba. Bai duba ba, ita kuma ba ta sake tayar da maganar ba.

Sanyi ya shigo, motocin wasu suna ta wucewa da Turawa zuwa yamma, na Haj Barka na tsaye a gareji. Kowace safiya yakan biyo ta shagon ya tambaya ko an yi saƙo. Younoussa ya buɗe akwatin, ba komai sai tallace-tallace. Maimakon ya nemi Moufida, sai ya ƙara wa shafin ado: ya sa raƙumi mai tafiya a gidan sama, ya sa kiɗa, ya canza launi. Gaskiyar magana, akwai ranar da ya zauna shi kaɗai ya gwada binciken da kansa, ya ga abin da ta gani. Ya san tana da gaskiya. Amma bai san yadda ake gyarawa ba, yana jin nauyin komawa wurin wadda ya ƙi saurara a gaban mutane, ya kuma fi jin nauyin ya ce wa mutumin da ya ba shi ɗaki bai iya abin da ya ce ya iya ba. Ya riƙa ce wa kansa wataƙila wata mai zuwa abin ya daidaita da kansa. Ya riƙa ce wa Haj Barka irin wannan abu yana ɗaukar lokaci.

Sanyi na biyu ma haka ya wuce. Kafin ya ƙare Haj Barka ya sayar da mota ɗaya. Illia, da ba shi da abin tuƙawa, ya koma hanyar kudu wadda dā ya rantse ya bar ta. Haj ya sauke kai ya koma wa kamfanin Tarabulus, suka karɓe shi a matsayin na ƙarshe a layi. Ya daina biyowa ta shagon kullum, amma abincin rana bai daina fitowa ba. Younoussa yakan ci shi da ƙyar.

Daga baya Haj ya yanke shawara zai bar tuƙi gaba ɗaya, ya koma gonar dabinon mahaifinsa a ƙauyen Zighan. Ya yi ciniki da mai sayen mota ta biyu, aka yarda zai miƙa ta bayan tafiya ɗaya da ta rage masa da baƙin kamfani. Da ya dawo daga tafiyar, ya zo shagon bayan la'asar, ya ja kujera ya zauna kusa da Younoussa.

Ya ce a cikin baƙin akwai wata tsohuwa, malamar makaranta mai ritaya, mai jin Faransanci. A zangon farko, yana tsiyaya shayi, ta yi ta kallonsa, sannan ta sa tafinta ya tambaye shi ko shi ne mutumin da ke cikin hoto a gindin dabino. Ta ce tun bara ta ga hoton a intanet, da bayanin tafkin, ta ce wa ƙawayenta wannan mutumin za su nema ya kai su. Amma shafin ba suna, ba lambar waya, ba wurin latsawa a je gaba ko baya, hoto ne kawai da rubutu. Ta yi ta nema har ta gaji, suka biya kamfani. Ta ce ta san wasu ma da suka yi irin neman.

"Tsohuwa ya ce ya neme ni," in ji Haj Barka. "Younoussa, yaya mutum zai ga fuskata, ba ya ga sunana?"

Ba faɗa yake yi ba, tambaya yake yi da gaske. Younoussa ya faɗa masa duka, har da maganar Moufida da ranar da ya gwada da kansa. Haj ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya kyauta, ya tashi ya tafi masallaci.

Washegari Younoussa ya roƙi Mahmoud ya kira masa 'yar ƙanwarsa. A lokacin ta gama karatu, tana aiki a wani ofis. Ta zo ranar hutu, ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Suka buɗe ƙaramin fayil ɗin, ta nuna masa wurin da aka tanada don wanda ba ya ganin firam, inda layin nan mara amfani yake. Suka goge shi, suka rubuta ko wane ne Haj Barka, inda yake, inda yake kai mutane, da hanyoyin shiga kowane shafi na ciki. Kowane fayil na tsakiya suka ba shi sunansa da ɗan bayaninsa, suka sa masa a ƙasa sunan Haj da lambar waya da adireshin saƙo, da rubutu ba da hoto ba, da wurin latsawa a koma farko. Ta ƙara wani ɗan umarni wanda idan baƙo ya faɗo tsakiya kai tsaye, zai jawo masa sama da gefe. Suka cire raƙumin da kiɗan. Ta ce ya rubuta wa masu shafukan labarin tafiye-tafiye ya roƙe su su ambaci nasa. Kafin azahar sun gama. Wannan ne ya fi tsaya masa a rai, cewa aikin safiya ɗaya ne.

Bayan wasu makonni shafin ya fara fitowa a bincike da sunansa. Saƙo na farko daga wasu ma'aurata ya zo, suna tambayar ko akwai wuri a watan sanyi. Wani ya biyo baya, sannan wani. A lokacin motar ta daɗe da tafiya, an rufe garejin, Younoussa ya koma kwana a bayan shagon Mahmoud.

Ya hau motar haya ya tafi Zighan lokacin yankan dabino. Ya tarar da Haj Barka zaune a inuwa yana ware busasshe da ɗanye a kan tabarma, ya rame, amma fuskarsa a sake. Mariam ta aiko da shayi da gurasa. Younoussa ya ba shi labarin saƙonnin, ya ce idan za a samu motar haya ko ta aro, ko sanyi ɗaya ne, abin zai tashi. Haj ya yi dariya kaɗan, ya ce bayansa ba zai ƙara hawa tudu ba, kuma Mariam ta samu barci. Ya ce a ba wa Illia baƙin idan an same shi, idan ba a same shi ba a ba wani maƙwabcinsu Yousef, yaro ne mai kirki kuma ya san hanya.

Younoussa ya nemi gafara. Haj ya ci gaba da ware dabinonsa na ɗan lokaci.

"Na yafe," in ji shi. "Aiki kowa yana kuskure. Ni ma na taɓa ɓata hanya da mutane a mota. Amma na tsaya na ce musu na ɓata. Da ka ce mini ba ka sani ba, ɗana, da ban ce wa Tarabulus a'a ba."

Ya cika masa buhu da dabino, ya raka shi har bakin hanya.

Ba a samu Illia ba. An ce yana tsakanin Dirku da Gatrun, ba ya zama wuri ɗaya, saƙon da aka aika masa kuma ba amsa. Yousef ne ya kai baƙin, ya kuma yi ta kai wasu a shekarun da suka biyo baya, har ya ƙara mota. Younoussa ya canza lambar waya a shafin zuwa ta Yousef, amma Yousef ya ce a bar sunan Haj Barka, tunda shi baƙin ke tambaya.

A Sabha kuma sunan Younoussa ya fita a matsayin mai gyaran shafi. Wani ɗan kasuwar dabino daga Wadi Bawanis ya kawo nasa, wani mai masauki ya kawo nasa, yawancinsu da firam aka gina su kuma ciwonsu ɗaya. Yakan gyara, sababbin da yake ginawa kuma ya daina sa musu firam gaba ɗaya. Abin da bai sani ba yakan ce bai sani ba, ya tambayi Moufida. Ya samu abin da ya gina ɗaki biyu a gida. Ya yi niyyar komawa Zighan sau da yawa, kullum sai wani abu ya hana, ko shi ya bari ya hana.

Da al'amarin takardu ya fara tsanani ga baƙi, kame ya yawaita, ya ga ba shi da mai tsaya masa kamar dā, sai ya haɗa kayansa ya koma. Ya tarar Koubra ta zama budurwa, tana gaishe shi da ladabi irin na baƙo, sai a hankali suka saba. Ya buɗe ɗan shago a Damagaram, rabi rubutun allo, rabi kwamfuta biyu da yake koya wa matasa aiki a kansu.

Labarin rasuwar Haj Barka a bakin wani direba ya ji shi a tasha, bayan an daɗe da yin sadakar arba'in. Ya rufe shago ranar, ya sa aka yi masa addu'a a masallacin unguwa, mutane na tambaya wane ne, yana cewa maigidansa ne na Libiya. Ya ba direban turmin atamfa da gaisuwar ta'aziyya ya kai wa Mariam a Zighan. Direban ya ce zai kai idan hanya ta bi da shi ta can. Younoussa bai sake haɗuwa da shi ba, bai kuma san ko saƙon ya isa ba.